Annabi ya ce mahaifiyata ce ta ɗaure ɗana, yanzu ko addu'a ba na iya yi

Baba, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi.

Ni tela ce a Tudun Wada, nan Jos, maigidana kuma keke yake tuƙawa. 'Ya'yanmu uku, na tsakiyan yana da sikila, shekararsa 7. A cikin ikilisiya na tashi, a nan aka yi mini baftisma aka ɗaura mini aure, ina cikin Zumuntar Mata. Da zaryar asibiti ta ishe ni, wata maƙwabciyata ta kai ni wani gidan addu'a a bayan gari. Ranar da na fara zuwa annabin ya kira ni gaba, ya faɗi sunan ƙauyenmu da na mahaifiyata, ya ce ita ce ta ɗaure yaron da maita. Tun daga ranar na daina ɗaga wayarta, yau fiye da shekara. Ya ce in shuka iri mai zafi, wanda zan ji a jikina, sai na sayar da keken ɗinkina na kai kuɗin. Ina sayen man shafewa da ruwan addu'a a wurinsu. Daga baya ya ce ba a haɗa bangaskiya da ƙwaya, na daina ba yaron maganinsa ba da sanin babansa ba.

A watan Disamba muna kwanan addu'a ciwon ya tashi masa. Da ƙyar aka ceto ransa, sai da aka ƙara masa jini. Da na koma na faɗa wa annabin, ya ce bangaskiyata ce ba ta kai ba, kuma irin da na shuka ya yi kaɗan. Ya ce duk wanda ya bar wurin ko ya yi magana a kansa ya taɓa shafaffe na Allah, abin da ya same shi shi ya ja wa kansa.

Na daina zuwa, amma Baba, ban koma ko'ina ba. In na durƙusa bakina ba ya buɗewa. In na buɗe Littafi Mai Tsarki muryar mutumin nan nake ji, domin duk abin da ya yi mini da aya ya yi shi. Wani lokaci cikin dare sai in ce a raina, anya ba duk ƙarya ba ce, har da abin da aka koya mana tun muna yara? Daga nan tsoro ya kama ni, ko na saɓi Ruhu Mai Tsarki. Kunya ta hana ni komawa ikilisiyarmu. Har yanzu ni mai bi ce? Ta yaya zan gane mai gaskiya a cikin masu wa'azin nan?

'Yarka cikin Ubangiji,
Maman yara, Tudun Wada

'Yata, salamar Ubangiji ta tabbata a gidanki. Sannu da jinya. Tambayarki ta bangaskiya ce, zan kuwa zo kanta, amma ba ki faɗa mini ko yaron ya koma kan maganinsa ba, wannan kuma ba ya jira. In bai koma ba, ki ajiye karatun nan ki nemo katinsa na asibiti tukuna.

Sikila gadonta ake yi ta jini. Tunda yaron SS ne, wato ya gaji sikilar ta ɓangaren uwa da na uba, ke kin ba shi S ɗaya, babansa ya ba shi ɗaya. Idan mata da miji duk AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da S ɗaya amma ba shi da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, shi ya sa 'yan'uwansa biyu suke wasa lafiya shi yana kwance. Ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kamar kwana 120 kafin su mutu, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, kullum jikinsa cikin biyan bashin jini yake. Idan sanyi ya buge shi, ko ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa, ko zazzaɓin sauro ya kama shi, ƙwayoyin sukan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, wannan ne ciwon ƙashin da yake sa shi ihu. Yanzu ki tuna inda muke zaune. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, sanyin Disamba a nan har babba yakan ji shi a haƙori. Yaro mai sikila, an janye masa magani, wataƙila ana azumi ba a ba shi ruwa yadda ya kamata, ya kwana a kan benci ko tabarma iska tana kaɗawa har asuba. Kowane likita zai gaya miki abin da zai biyo baya tun kafin ya faru. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar yara masu sikila a duniya, ciwon kuma bai san gidan fasto ba, bai san gidan liman ba.

Ki mayar da shi wurin likitansa, ki faɗi gaskiya cewa an yi watanni ba ya shan magani, kada ki ɓoye don kunya. Ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi da aka rubuta masa kullum ne, har ranar da ya tashi garau. Ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi da safa da hula tun la'asar. In jikinsa ya yi zafi, ranar za a kai shi, ba a bari sai an ga yadda ya kwana. Sauran yaran ma a gwada jininsu, domin ranar aurensu tana zuwa. Wanda ya ce miki magani rashin bangaskiya ne bai san tarihin garin da yake wa'azi ba. Waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka buɗe asibitin Vom a 1922, su ne suka gina asibitin Jankwano, suna addu'a da safe a ɗakin marasa lafiya sannan su ɗauki allura. Luka da ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne. Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, bai ce masa bangaskiyarsa ta gaza ba.

Sai Mama. Tsohuwar nan tana ƙauye fiye da shekara tana buga waya ba a ɗagawa, ba ta san laifinta ba, ko kuma, wanda ya fi muni, maganar ta riga ta kai mata. Kin san abin da kalmar mayya take yi wa tsohuwa a ƙauyukanmu. Jikoki sukan guje ta, a daina cin abincinta, wani wurin har duka. Ko da daga wurinta kika gaji naki S ɗin, ba da saninta ba ne, daidai yadda ke ma ba ki san kin ba ɗanki ba. Almajirai sun taɓa tambayar Yesu game da mutumin da aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Yana nan a Yahaya sura 9. Waya ba za ta wanke wannan ba. Ki shiga mota ki je, ki kai mata jikanta in jikinsa ya yi ƙwari, ki durƙusa ki ce kin yarda da maganar banza a kanta, ta yafe miki. In ta yi kuka ko ta yi faɗa, ki bar ta ta yi.

Na san abin da ya ɗaure ki tun farko shi ne sunayen da ya kira. Ki zauna ki tuna. Wa ya kai ki? Me maƙwabciyar nan ta sani game da gidanku? Kafin a fara sujada, babu wata 'yar hidima da ta zauna kusa da ke tana jan ki da hira, ko aka ba ki takarda ki cike? Sunan ƙauye da sunan uwa ba asiri ba ne a unguwa irin Tudun Wada. Amma a ce ma bai ji daga bakin kowa ba. A Filibi akwai wata baiwa mai duba da take faɗin abin da yake daidai, har tana cewa Bulus da Sila bayin Allah Maɗaukaki ne, iyayengijinta suna samun kuɗi da ita, Bulus kuwa ya fitar da ruhun da yake cikinta. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta ce ko alamar annabi ta cika, in dai yana janye ki daga hanyar Ubangiji, kada ki saurare shi. Wanda ya raba 'ya da uwarta, ya raba mata da asirin mijinta, ya raba mara lafiya da maganinsa, aikinsa ya riga ya faɗi sunansa.

Kin ce duk abin da ya yi miki da aya ya yi shi. Haka ne, haka kuma Shaiɗan ya yi wa Ubangijinmu a kan tsororuwar Haikali, da Zabura 91 ya jarabce shi. Maganin aya da aka yanke shi ne a mayar da ita cikin surarta. Ɗauki maganar shuka iri. Inda Bulus ya ce mai shuka kaɗan zai girbe kaɗan, a 2 Korantiyawa sura 9, gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi da suke Urushalima. Kuɗin daga masu hali suke tafiya zuwa ga marasa hali. A surar da ta gabace ta ya ce ba ya nufin waɗansu su huta ku ku matsu, ya kuma sa ikilisiyoyi suka zaɓi mutumin da zai raka kuɗin don kada kowa ya zarge shi. Da a ce an bi surar nan yadda take, ke ce za a tara wa, ke mai ɗa a gadon asibiti. Shi Bulus ɗin abokin sana'arki ne, ɗinkin tanti yake yi, ya kuma gaya wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa. Na kasa hango shi yana karɓar kuɗin keken ɗinkin wata mata.

Na'aman ya zo wurin Elisha da talanti 10 na azurfa da shekel 6,000 na zinariya da riguna 10, ya warke daga kuturta, annabin ya rantse ba zai karɓi kome ba. Baransa Gehazi ya bi bayan karusa ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi yana son sayen baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka shi da kuɗinsa. Labarin gwauruwa mai anini biyu da suke so su karanta lokacin baiko, ki duba ayoyin da suka gabace shi a Markus 12, Yesu yana gargaɗi ne a kan malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ko'ina ka buɗe, Littafin yana gefen wadda aka tatsa.

Barazanar taɓa shafaffe kuma daga Zabura 105 ya ɗauko ta. Wurin yana ba da labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar mutane, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Kariyar marasa ƙarfi ce daga masu iko. A Sabon Alkawari Yahaya ya ce wa dukan masu bi, ku an shafe ku, har da ke. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, sama ba ta faɗo ba. Karin Magana 26 ta ce la'anar da ba ta da dalili ba ta sauka a kan mutum. Amma bari in gaya miki wani abu tun yanzu don kada ya zo miki ba shiri. Wata rana ciwon yaron zai iya sake tashi, domin haka sikila take, ko da ana shan magani. Ranar zuciyarki za ta ce bakin annabi ne. Ki tuna ciwon yana tashi tun kafin ki san shi, ya kuma tashi mafi tsanani kina zaune a gabansa.

To, mu zo kan abin da yake hana ki barci. Ba na ganin laifinki da kika je wurin. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba kuma na mamakin shakkar da ta biyo baya. An ce miki Allah ɗan kasuwa ne, in kin biya zai biya. Kin biya, bai biya ba. Mai hankali dole ya yi tambaya. Wannan allahn da aka sayar miki, ki bar shi ya mutu a zuciyarki, ni ma ban gaskata da shi ba. Abin da ya rage shi ne ki duba ko Yesu ya taɓa yi miki wannan alkawari. Bai yi ba. Cewa ya yi a duniya kuna da wahala, amma ku yi ƙarfin hali, ya yi nasara da duniya. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Shi da aka warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas.

Ki karanta Markus sura 9 daga aya 14, a hankali, domin labarinki ne. Wani uba ya kawo ɗansa wurin almajirai, sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun kasa, malaman Attaura sun kewaye su ana ta gardama, yaron yana nan yadda yake. Ciwonsa dabam ne da na ɗanki, Markus ya ce aljani ne, naki kuwa gwajin jini ya nuna ko mene ne, amma zuciyar uban irin taki ce. Yesu ya tambaye shi tun yaushe, ya ce tun yana ƙarami, sau da yawa yana jefa shi a wuta da ruwa. Sannan ya ce, in kana iya yin wani abu, ka ji tausayinmu. In kana iyawa. Mutumin ya gaji har ba shi da tabbaci. Da Yesu ya ce kome mai yiwuwa ne ga mai ba da gaskiya, ayar da annabawan nan suke so ke nan, sai uban ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Da wannan rabin bangaskiyar aka karɓe shi. Ga kuma abin da ba a faɗa miki ba. Da almajiran suka tambaya a keɓe me ya sa suka kasa, a kansu Yesu ya ɗora abin, a Markus rashin addu'arsu, a Matiyu 17 kuma ƙarancin bangaskiyarsu. Masu hidimar aka tuhuma, uban yaron ba a ɗora masa laifi ba. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce an warke, ba a warke ba, sannan ya juya ya ɗora wa uwa, ya juyar da labarin ne kai ƙasa.

Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa ya ce ga Ɗan Rago na Allah, da ya daɗe a kurkukun Hirudus sai ya aika a tambaya, kai ne mai zuwan nan ko mu sa ido ga wani? Yesu ya aika masa da amsa, ya kuma juya ya yabe shi a gaban taro. Bai fitar da shi daga kurkukun ba, a can aka fille kansa. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ta rufe da maganar duhu, an kuwa bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Wasiƙar Yahuza ayoyi 25 ce kacal, kusan duka a kan malaman ƙarya da suka saɗaɗo cikin ikilisiya, amma da ya zo kan waɗanda aka rikita cewa ya yi a ji tausayin masu shakka. Zafinsa na malaman ne. Saɓon Ruhu Mai Tsarki da kike tsoro, a Markus 3, malaman da suka zo daga Urushalima ne suka ga aikin Allah ƙiri-ƙiri suka ce na Ba'alzabul ne, da gangan, ba kuma abin da ya dame su. Mace da take kuka cikin dare tana tsoron ta ɓata wa Ubangiji rai ba ta cikin wannan sahu. Kin tambaye ni ko har yanzu ke mai bi ce. I, 'yata. Mai bi ce da aka ji wa rauni.

Me ya sa ɗanki, me ya sa ba a ɗauke masa ba duk da hawayenki? Wannan Allah bai buɗe mana ba, Ayuba ma da ya tambaya ba a ba shi dalili ba, duk wanda kuma ya ce miki ya sani, ki riƙe jakarki da kyau. Ina roƙon warkarwa domin yaron, ke ma ki roƙa, Allah yana iyawa. Amma garin nan cike yake da mutanen da suka roƙa aka ba su wata amsa dabam. Kin san rikice-rikicen da aka yi a Jos daga 7 ga Satumba 2001 zuwa yau. Ranar Lahadi 26 ga Fabrairu 2012 bam ya tashi a majami'ar hedikwatar ikilisiyar COCIN ana cikin sujada, mako biyu bayan haka aka kai wa cocin St. Finbarr's a Rayfield hari. Waɗanda suka mutu ba ƙarancin iri ya kashe su ba. Waɗanda suka binne su kuma sun dawo sujada, ana laluba jikinsu a bakin ƙofa. A 1893 samari uku suka sauka Ikko suna nufin kawo bishara ƙasar nan. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo, ba su ga ko ikilisiya ɗaya ba. Da ma'aunin annabinki, waɗannan sun fāɗi. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito.

Bakinki da ba ya buɗewa, kada ki matsa masa. Ki ari bakin waɗansu. Addu'ar Ubangiji da kika haddace a makarantar Lahadi ta isa, ko Zabura 13, ayoyi shida ne, ta fara da har yaushe. In waƙa ce ta zo daga Littafin Waƙoƙi kina wanke-wanke, ita ma addu'a ce. Karatun kuma ki sake masa hanya. Shi aya ɗaya-ɗaya yake tsinto miki daga nan da can, ke ki ɗauki littafi guda ki bi shi daga farko. Markus surori 16 ne, sura ɗaya a rana, da Hausa, da muryarki a fili don kunnenki ya saba da wata murya. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake hannunmu cikakke da Hausa, domin mace irinki ta duba da idonta. An yabi mutanen Biriya saboda suna bin diddigin wa'azin Bulus kowace rana su ga ko haka Nassi ya ce. In an bincike Bulus, wane ne ba za a bincika ba? Wayarki ma ki share ta. Masu wa'azin Facebook da TikTok da suke cewa ki rubuta amin ki turo iri, irin tuwon ne aka sake wa kwano.

Komawa ikilisiya zai yi miki nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Za a yi kallo, wata za ta ce ashe an dawo. Ina kuma da magana da ikilisiyoyinmu na gado a nan. Mace ta ɓace fiye da shekara da yaro mai sikila, su wa suka taka zuwa gidanta? Mutanenmu suna gudu gidajen addu'a ne sau da yawa domin can ana kiran sunansu, ana ɗora musu hannu, mu kuwa muna karanta sanarwa da lissafin ginin sabuwar majami'a. Kujerar gaba ta mai kuɗi da Yakubu ya hana a sura 2 tana nan a wurinmu ma. Duk da haka ki koma, domin a can akwai dattawa, akwai majalisa, akwai wanda zai iya dakatar da fasto in ya karkace. Ba sai kin fara da ranar Lahadi ba. Ki zaɓi mace ɗaya cikin Zumunta, dattijuwa mai riƙe baki, ki je gidanta da yamma ki faɗa mata duka. Ita za ta raka ki wurin fasto, ita za ta zauna kusa da ke ranar farko.

Gane mai gaskiya ba ya bukatar wahayi, lokaci yake bukata da ido. Ki duba wa yake iya ce masa ka yi kuskure, ya ji. Ki duba ko ana karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, ko shi da matarsa kaɗai suka san abin da ya shigo. In kin fito daga wa'azinsa, sunan wa ya fi zama a kunnenki, nasa ko na Yesu? Yana buɗe sura ya bi ta, ko aya yake ɗauka ya rufe Littafin ya shiga labarin kansa? In ya faɗi abu bai cika ba, yana amsawa ko yana neman wanda zai ɗora wa? Ni na fi yarda da faston da ya taɓa zama a bencin asibiti da dare tare da iyayen mara lafiya, ya fita bai karɓi ko kuɗin mota ba, ko da wa'azinsa yana sa gyangyaɗi.

Maigidanki kuma dole ya ji daga bakinki cewa ke kika tsayar da maganin. Zai yi fushi, yana da gaskiya. In kina tsoron yadda zai ɗauka, ki faɗa a gaban fasto ko wani babba da yake jin nauyinsa, amma kada ki bari ya ji a waje. Kuɗin keken ɗinki da wuya su dawo, kada ki ɓata ƙafarki. Ki nemi shagon da za ki riƙa ɗinki ana raba kuɗi, ki shiga adashi, in ikilisiyarku tana da asusun taimako ki tambaya ba kunya, don irin wannan ake tara shi. Maƙwabciyar da ta kai ki kada ki yi gaba da ita, wataƙila ita ma nata keken ta sayar. In ta tambaye ki, ki faɗa mata abin da ya faru da yaron a Disamba, ki tsaya nan.

Mutanen gidan addu'ar za su neme ki, in ba su riga sun fara ba. Za su ce annabi ya ga wani abu a kanki, ki zo da gaggawa. Ba sai kin yi musu da su ba, kada kuma ki yarda ki je ke kaɗai don a sallame ki, ba wanda yake bukatar sallama daga wurin. Ki ce kin gode, kin koma ikilisiyarku, ki kashe wayar. In suka turo saƙon tsoratarwa kada ki goge, ki nuna wa maigida da dattawa, in abin ya kai ga barazana ga ranki ko na yaran, a kai wa 'yan sanda.